Farashin Gwiwar Otis

"Sannu da zuwa, ɓarawon gida. Karkaɗe takalminka a waje, kada ka shigo mini da ƙanƙara."

"Ina wuni, tsohuwa. Ashe kina nan? Na biyo ta bakin coci na ji ana waƙa mai ban tausayi, na ce to, yau dai gado ya faɗo mini."

"Sai na binne ka tukuna. A akwatin araha kuma."

Haka uwata da ɗana suke gaisawa tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ni Verna, 'yar wannan, uwar wancan, na daɗe da gane cewa shiga tsakaninsu asarar yawu ce. Ina bakin murhu ina juya kifi a mai, ban ko waiwaya ba.

Uwata Eulalie Pettigrew, wadda duk St. Louis ke kira Mama Eula, ta haura tamanin. Babana Cleophus ya fara da mota ɗaya mai firji yana jigilar nama, ya mutu ya bar mata motoci fiye da yadda za ta iya ƙirgawa ta taga, da kaso mafi tsoka a ƙungiyar ƙwallon kwandon garinmu. Duk da haka ba ta bar tsohon gidan jan bulon da ta haife ni a ciki ba. Ɗana Thaddeus shi ne manajan ƙungiyar, shi ke sayo 'yan wasa yana sayarwa. Masu bugo waya gidan rediyo suna kiransa ɗan lelen kaka, ita kuma tana kiransa Kunnuwa, kuma duk wanda ya gan shi ba zai tambayi dalili ba.

Ranar Lahadin nan ta watan Fabrairu ya shigo sanye da kwat, riƙe da furanni. Ta dubi furannin ta dubi fuskarsa.

"Ko dai ka kaɗe mutum da mota, ko kuɗi kake so. Wanne ne?"

"Jika ba zai kawo wa kakarsa fure ba?"

"Na gidan mai ne, ga takardar farashi nan ba ka ɓare ba. Zauna ka faɗi nawa ne."

Muka zauna. Kifi soyayye, burodin masara, dafaffen ganye, da shayi mai sanyi. Uwata ta yi addu'a, a ciki ta roƙi Ubangiji ya tsare dukiyar gwauraye daga hannun 'yan kwat. Ya ce amin da ƙarfi, ya ƙara da roƙon Ubangiji ya kwance hannun marowata kafin ya karɓi ransu.

Sai da ya cinye kifi guda sannan ya shiga maganar. Ranar Alhamis ake rufe musayar 'yan wasa. Ƙungiyarmu tana da masu gudu, tana da masu jifa daga nesa, amma ƙarƙashin raga ba kowa, duk wanda ya zo shiga yake yi kamar kasuwar da ba ƙofa. Akwai wani dogo, Lemuel Gant, wanda ƙungiyarsa ta sare da kakar wasa ta bana, tana neman mai ɗaukarsa. Kuma ga Corwin Ashby, tauraronmu, wanda saboda shi ake cika fili: kwantiraginsa zai ƙare da ƙarshen kakar nan, wakilinsa ya riga ya faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in ba a kawo masa mataimaki ba, zai ɗaure kayansa ya nufi gaɓar teku inda ba sanyi.

"Tsawonsa nawa, shi dogon?"

"Ƙafa bakwai."

"Dogo da hankali dace ne."

"Gajeru ma na ga wasu, hankalin nasu duk a jaka yake."

"Ka bar maganar gajeru, kai da ka je gwajin ƙwallo a sakandare koci ya miƙa maka tawul da butar ruwa. Rana ɗaya da suka tausaya maka suka sa ka, a ragarmu ka jefa. Ina wurin. Na ce wa matar da ke kusa da ni ɗan maƙwabta ne."

"Shi ya sa na koma sayen masu iyawa."

"Kamar wancan da ka sayo shekara biyu baya? Mai ciwon bayan nan? Na fi sanin launin kwat-kwat ɗinsa fiye da lambar rigarsa. Kullum yana benci yana tafi. Mutum bai taɓa samun kuɗi da tafi kamar shi ba, ko a coci."

Wannan kam gaskiya ce, Thaddeus ma ya sani. Ya sha shayi.

Ta ce ya faɗi lissafin, kuma a hankali, don kunnenta ya tsufa amma ba ta tsufa da jin ƙarar kuɗi yana fita ba. Ta san lissafin sarai. So take ta ji shi daga bakinsa.

Ya faɗa. Albashin 'yan wasanmu na bana dala miliyan ɗari da sittin da takwas ne. Iyakar da hukumar gasa ta shata miliyan ɗari da saba'in da ɗaya ce, wanda ya haye ta sai ya biya harajin facaka. In Gant ya zo, aka ba da yara biyu daga benci, albashi zai ƙaru da miliyan goma sha biyar, mu haye iyakar da goma sha biyu. Harajin kuwa ba dala bisa dala ba ne. Da dala ɗaya da rabi yake farawa a kan kowace dalar da ta haye, yana hawa kamar matakala, har ya tsaya a miliyan ashirin da ɗaya.

"Saura," in ji ta.

"Shi ke nan."

"Kunnuwa, saura."

Ya sosa ƙeya. Harajin da masu facaka suka biya, ana raba wani kaso nasa ga ƙungiyoyin da suka zauna ƙasan iyaka. Shekara da shekaru uwata tana karɓar rabonta, wajen miliyan goma sha ɗaya, tana kiransa kuɗin ladabi. Wanda ya haye, ba shi ba rabo.

"Sha biyar, da ashirin da ɗaya, da sha ɗaya," ta ce tana lanƙwasa yatsu masu maiƙon kifi. "Arba'in da bakwai. Mutum ɗaya. Kakanka da zoben dala sha tara ya aure ni."

"Ai shi ma an cuce shi a cinikin."

Na tuntsire da dariya, ta harare ni, na koma kan ganyena.

Abin da ya fi ci mata rai ba yawan kuɗin ba ne, inda za su je ne. Akwai wani mai ƙungiya a can arewa, tsoho mai gashin aro, wanda ya taɓa tambayarta a taron masu ƙungiyoyi ko ita ce ta kawo kofi. Ta ce wato yanzu ta ɗebi kuɗinta ta zuba a tukunya, a raba, mutumin nan ya ɗauki nasa ya sayi sabon gashi. Ta ce gara ta ƙone su a murhu, ko ba komai ta ji ɗumi.

"Ɗumi? A gidan nan? Ai da an ga sabon abu. Mama, gaya mata, ba da safar hannu nake cin abincin Kirsimeti ba?"

"Ba ruwana," na ce.

Ya juya kan kakarsa. "Ke kaɗai ce mai filin wasa a duk ƙasar nan da masu gadinta suka kama da gugguru a jaka. Filinki, guggurunki ake sayarwa a ciki, amma kin ce ya yi tsada."

"Ya yi tsada mana. Ni na sa farashin, na sani."

"Araha ba ta ado, Kaka. Ɗaga kai ki dubi rufin filinmu. Mutane tutocin nasara suke ratayewa. Mu me muka rataya? Tallar kamfanin katifa."

"Katifar nan ita ke biyan albashinka."

"Ta dace da mu kuwa. Duk shekara watan Afrilu na kamawa, wasu na shiga zagayen neman kofi, mu sai mu je mu kwanta."

Wannan ta shige ta. Ta ajiye cokali mai yatsu, ta yi magana ba wasa a ciki. Ta ce ta ga masu kuɗin da suka fi ta sun haye iyakar nan da sunan sau ɗaya, ba su dawo ba. Bana a ce saura mutum ɗaya, baɗi a ce saura ƙiris, alhali wanda ya maimaita hayewa ƙara masa harajin ake yi. Ƙarshenta a sallami masu share fili da masu yanka tikiti don a cike gurbi, su da ba su ci ba, ba su sha ba. Ga abokan hannun jarinta da za su zo mata da fuskar shanu. Shi ma ya aje wasa, ya ce in Ashby ya tafi, rabin kujerun filin za su zama fanko, masu yanka tikitin ba za su sami abin yankawa ba, kuma shekara goma ba za mu sake ganin irinsa ba. Ya ce shi kansa ya sani, in kakar nan ta mutu a hannunsa, ba mai sake ɗaukarsa aiki ko a ƙungiyar makarantar firamare, za a ce dama ba iyawa ba ce, jini ne.

Na tashi na kawo kek ɗin dankali mai zaƙi, na yanka.

"Akwai wata hanya," in ji shi, idonsa a kan faranti. "Mai sauƙi. Harajin ya sauko daga ashirin da ɗaya zuwa uku."

"Shi ne ka bar ni ina ta hawan jini? Faɗi."

"A haɗa da Otis."

Otis Bellamy shekararsa goma sha huɗu a ƙungiyarmu. Ya zo yana saurayi mai tsalle kamar barewa, yanzu shekararsa talatin da shida, gwiwoyinsa suna ƙara in ya miƙe, ba ya wuce 'yan mintuna a fili. Albashinsa miliyan goma. In aka tura shi wata ƙungiya mai sarari a lissafinta, da miliyan biyu kacal za mu haye. Da albashinsa da harajin da ke bisa kansa, miliyan ashirin da takwas za su zauna a aljihun uwata.

Otis ɗin nan kuwa shi ne ya riƙe gaban akwatin babana ranar jana'iza. Lokacin da aka yi wa uwata aikin ƙugu, ba ranar da bai leƙo asibiti ba in ƙungiya tana gari, har ma'aikatan jinya suka ɗauka autanta ne.

"Ashirin da takwas," ta ce.

"Kowace gwiwa sha huɗu. Ko likitan da ya yi masa aiki bai kimanta su haka ba."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Wannan zumar ta daskare, sai an ɗora mata ƙanƙara kafin ta taka bene."

"Shi ke riƙe da yaran nan a ɗakin sauya kaya. Ashby naka, wa ya hana shi naushin koci bara?"

"To ki ɗauke shi aikin fasto, ya fi araha."

Ta ƙura masa ido. Na san kallon, da shi ta raine ni. Can sai ta yi wani ɗan murmushi marar daɗi, ta dafa tebur ta miƙe, ta taka da sandarta zuwa bango inda tsohuwar wayar gidan take maƙale. Ta ciro kan wayar, ta jawo igiyar har tebur, ta ajiye a gefen kek ɗinsa.

"Na yarda. Kasuwa kasuwa ce. Kawo dogon, a tura Otis. Ga waya, kira shi ka gaya masa. Yanzu yana gida, sun dawo daga coci."

Kunnuwan Thaddeus suka yi ja. Ya ce ba haka ake yi ba, sai an gama da ɗaya ƙungiyar, sai lauyoyi sun duba, sai an sanar da wakili. Ta ce mutumin da ya ba ka shekara goma sha huɗu ba ya jin labarin korarsa a rediyo, ta kuma karanto masa lambar da ka.

"Ke ce mai ƙungiya. Irin wannan daga bakin mai gida ya kamata ya fito."

"Kai ne manaja. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

"Girmamawa ce, Kaka. Ya ji daga babba."

"Yau kuma na zama babba? Ɗazu ba gawa ba ce ni?"

Ya tura mata wayar, ta turo masa. Ya sake turawa, igiyar ta kusa kifar da shayina. Na ɗauke kofin, na ce su kashe juna amma su bar mini tebur.

"Dube shi," ta ce da ni, kamar ba ya wurin. "Kura da fatar akuya na sani, yau ga akuya da fatar kura. Wa ya riƙe 'yarsa ranar baftisma? Otis. Wa ya je ya ɗauko shi a bakin hanya ranar da ya kwana a mota don matarsa ta rufe ƙofa? Otis. Shi ne zai zo gidana da furen gidan mai ya ce mini a haɗa da Otis. Kai ko karen Otis ba za ka iya sayarwa ba."

"To ke sayar mana. Ga ashirin da takwas a kan tebur. Matar da ke shanya ganyen shayi a taga don ta sake dafawa gobe, yau ga miliyoyi sun zo har gida, hannunta na rawa."

"Sanyi ne."

"Kin gani? Da kin kunna na'urar ɗumi."

Wayar ta gaji da jira ta fara ƙara irin ta layin da aka bari a buɗe. Ba wanda ya taɓa ta. Ni dai na gane abin da kowannensu ya gane tun ɗazu: ya zo ne ya tsorata ta da Otis don ta biya harajin gaba ɗaya, ita kuma ta miƙa masa wayar don ya janye maganar dogon gaba ɗaya. Kowa ya haƙa wa ɗan'uwansa rami, ga su duka biyun a ciki suna hararar juna.

Shi ya fara saukowa. Ya ce to, a bar zancen. Ba Gant, Otis ya zauna, Ashby ya tafi inda zai tafi. Ya ninke tawul ɗin hannunsa, ya ce abincin ya yi daɗi, Mama, ya jawo kwat ɗinsa daga bayan kujera. Ba wasa a muryarsa, kuma ban taɓa ganin kafaɗunsa sun sauka haka ba.

Ta bar shi har ya kai bakin ƙofar kicin.

"Dogon nan, bayansa lafiya?"

Ya tsaya. "Likitoci uku sun duba."

"Naka likitocin, ko na gaske?"

"Ki turo naki."

"Zan turo. Yana da mata?"

"Da yara biyu."

"To ba zai kwana a gidan rawa ba." Ta ja dogon numfashi, kamar wadda ake cire wa haƙori. "Bana kaɗai, Kunnuwa. Baɗi ka sauko mini ƙasan iyakar nan ko da kai za ka sayar da kanka, in an sami mai saye. Kuma ba mai share fili ko ɗaya da zai rasa aikinsa. In kuɗi ya gaza, daga ofishinka za a fara, da kujerar nan taka mai juyawa."

"Duka arba'in da bakwai?"

"Kada ka sake faɗin lambar nan a gidana."

Ya dawo da sauri zai rungume ta, ta tokare shi da sanda a ciki, ta ce ya tsaya can, rungumarsa tsada gare ta. Ta jawo wayar, ta taka zuwa bango, ta danna lambar da kanta. Muna jin ƙarar daga inda muke, don ba ta taɓa yarda a rage wa wayar nan murya ba.

Otis ya ɗauka da abinci a bakinsa. Ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi ƙugunta.

"Bar ƙuguna. Otis, ka san abin da ka ci mini yau?"

Ya ce shi dai kaza yake ci, bai san ya ci wani abu nata ba.

"Miliyan ashirin da takwas. Kana zaune a gidanka, ko gumi ba ka yi ba. Ranar Asabar ka zo da shebur ka kwashe mini ƙanƙarar ƙofar gida, tun daga matakala har titi."

Sai Otis ya ce, cikin lallashi, ai Mama Eula ta sani, gwiwarsa ba ta son sanyi.

"Gwiwar wa? Ba ka da gwiwa, yaro. Tawa ce, duka biyun, yanzun nan na saya. Ka shafa musu mai, ka lulluɓe su da bargo, in ka bari wani abu ya same su sai na kai ka kotu."

Ta maƙala wayar kafin ya sami bakin tambaya. Thaddeus ya riga ya zube a kujera yana riƙe ciki. Ta yi ƙoƙarin tsuke fuska, leɓenta ya ƙi, dariyar ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango, hawaye na bin kumatunta. Da ta lafa, ta yanko ƙaton yanki na kek ɗin, ta naɗe a takarda, ta tura masa. Ya miƙa hannu yana godiya.

"Ba naka ba ne. Ka kai wa dogon in ya sauka. Ka ce masa ya ci a hankali, shi ne abu na ƙarshe da zai samu kyauta a hannuna."